Da aka datse intanet, kasuwar Almaty ta tsaya

A farkon watan Janairun 2022, kuɗin iskar gas da motoci ke sha a Kazakistan, ɗaya daga cikin ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ya ninka: lita ta tashi daga tenge 60 zuwa 120. Zanga-zanga ta ɓarke a garin Zhanaozen, hotunanta suka bi salula har Almaty, cibiyar kasuwancin ƙasar. Ranar 5 ga wata, shugaba Tokayev ya sauke gwamnati, ya karɓe shugabancin majalisar tsaro daga hannun Nazarbayev, wanda ya yi kusan shekara 30 yana mulki.

A zamanin Sobiyet, hukuma ke riƙe da rediyo da jarida, abin da ta faɗa shi ne labari. Yanzu waya na aljihun kowa, shi ya sa mahukunta suka datse intanet na kwanaki.

Nan ne abin ya shafe mu, ƴan kasuwa. Mutanen Almaty sun saba biya da waya ta Kaspi. Da layi ya ɗauke, ga kaya ga mai saye, amma ba hanyar biya sai tsabar kuɗi, injinan cirar kuɗi kuma sun tsaya. Layin da ke kai labari shi ke kai kuɗinmu, makullinsa kuwa yana hannun gwamnati.