Yadda ake sa bakteriya mayar da ragowar amfanin gona asid

Tsamin nono da na ƙullun koko aikin wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, wato bakteriya, waɗanda ke cin sukari su fitar da asid. Wannan dabara ce masana'antu suka faɗaɗa domin samar da sinadaran da a da sai daga ɗanyen man fetur ake samun su.

Karan masara da ɓuntun shinkafa na ɗauke da sukari, amma a ɗaure yake cikin zarurruka masu tauri. Akan fara dafa su da zafi da sinadarai, sannan a zuba inzayim ya warware su zuwa sukari iri biyu, gulukos da zailos. Daga nan a zuba ruwan cikin manyan tankuna tare da bakteriya.

Idan aka bar bakteriya yadda take, takan raba sukarin zuwa abubuwa da dama, har da barasa. Saboda haka masana ke cire ƙwayoyin gadon da ke haifar da abin da ba a so, domin yawancin sukarin ya koma asid guda. Misali shi ne asid ɗin sakisinik, da ake amfani da shi wajen yin roba da fenti. A shekarar 2004 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta saka shi cikin sinadarai 12 mafi muhimmanci da za a iya samu daga tsirrai.

Sai dai kasuwa ba ta yi wa sana'ar sauƙi ba. Asid ɗin kan raunana bakteriyar da ta samar da shi, tace shi kuma na cin kuɗi. Kamfanin BioAmber ya buɗe masana'anta a Sarnia ta ƙasar Kanada a 2015, mai iya samar da tan 30,000 a shekara, ta hanyar amfani da yis da sukarin masara. A 2018 ya durƙushe, bayan faɗuwar farashin mai ta sa sinadaran fetur sun yi araha.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo, kuma ɓawonsa da yawa zubarwa ake yi. Ranar da kuɗin sarrafa shi ya sauka ƙasa da na fetur, abin da ake zubarwa zai zama haja.