Wane layin salula ya kamata in zaɓa?

Wayar salula ta shigo Nijar a shekara ta 2001. A yau da wuya a samu kasuwar ƙauye wadda babu mai sayar da katin waya a cikinta. Manomi yana tambayar farashin hatsi da ita, uwa tana jin lafiyar ɗanta da ya tafi ci-rani, makiyayi yana neman labarin rijiya da ciyawa. Wani bincike da Jenny Aker ta yi bisa kasuwannin hatsi na Nijar, tsakanin 2001 da 2006, ya nuna cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa shi ne, ɗan kasuwa yana iya sanin farashi kafin ya ɗora kaya a mota.

Amma wayar da ke kawo amfani tana iya cinye kuɗin cefane, idan ba a zaɓi layi da lura ba. Mutane da yawa suna tambaya: wane kamfani ne ya fi? Amsar ita ce, babu kamfani guda da ya fi ga kowa da kowa. Layin da ya dace da ku shi ne wanda yake kamawa inda kuke zaune, wanda mutanenku suke amfani da shi, kuma wanda tsarin kuɗinsa ya yi daidai da yadda kuke kira. Za mu bi waɗannan abubuwa uku ɗaya bayan ɗaya.

Kamfanoni da sunayensu

Sunaye huɗu ne mai neman layi yake cin karo da su a kasuwanninmu. Kowanensu ya taɓa canza suna, abin da yakan rikita mutane.

Airtel: shi ne wanda ya fara aiki da sunan Celtel a 2001. Ya koma Zain a 2008, sannan ya zama Airtel a 2010. Lambobin da suka fara da 96 ko 97 nasa ne.

Moov Africa: da can sunansa Telecel, daga baya ya zama Moov. Kamfanin Maroc Telecom na ƙasar Maroko ya saye shi a 2015, aka sa masa sunan Moov Africa a 2021. Lambobin da suka fara da 94 nasa ne.

Zamani Telecom: shi ne tsohon Orange, wanda ya fara aiki a Nijar a 2008. An sayar da shi a 2019, ya ɗauki sabon suna a 2020. Lambobin da suka fara da 90 ko 91 daga nan suka fito.

Niger Telecom: kamfanin gwamnati ne. An kafa shi a 2016, lokacin da aka haɗe Sonitel da SahelCom. Lambobin da suka fara da 93 nasa ne.

Kowace lambar waya ta Nijar tana da alƙaluma 8. Biyun farko su ne suke nuna kamfanin. Kowane kamfani yana da wasu mafaran lamba ban da waɗanda muka ambata. Akwai kuma hukumar gwamnati mai suna ARCEP, wadda aka kafa a 2018, mai sa ido bisa aikin kamfanonin da farashinsu.

Abu na farko: reso

Reso shi ne igiyar da ba a gani, wadda take haɗa wayarku da dogon ƙarfen nan da kamfani yake kafawa a gari. Idan wayar tana kusa da ƙarfen, murya takan fito sarai. Idan ta yi nisa, magana takan yanke. Tudu, dutse, kwari da katanga mai kauri duk suna rage ƙarfin reso. Shi ya sa a ƙasar Adar, wajen Keita da Buza, ƙauye biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya yana da reso, ɗayan kuwa sai an hau tudu.

A manyan garuruwa kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da kuma bakin babbar hanyar da ta ratsa Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, samun reso ba shi da wuya. Matsala takan taso idan aka bar kwalta, musamman a yankin makiyaya, arewacin Dakwaro, Tanut da Abalak, inda garuruwa suke nesa da juna. A irin waɗannan wurare, wani lokaci kamfani ɗaya ne kawai yake kamawa. Layi mai araha wanda ba ya kamawa a gidanku, kuɗi ne aka zubar.

Saboda haka, kada ku dogara da talla. Ku gwada da kanku kafin ku saya:

1. Ku tambayi maƙwabta uku ko huɗu wane layi suke da shi, kuma a ina yake yanke musu.

2. Ku ari wayar ɗaya daga cikinsu, ku kira daga cikin ɗakinku, ba daga ƙofar gida kawai ba.

3. Ku gwada a gona, a bakin rijiya, da kan hanyar da kuka saba bi zuwa kasuwa ko likita.

4. Ku gwada ranar kasuwa da kuma bayan magariba, lokacin da mutane suka fi yawan kira. Layin da yake da kyau da hantsi yana iya cushewa a waɗannan lokuta.

Ƴan sandunan da suke bayyana a saman fuskar waya suna nuna ƙarfin reso, amma ba su isa shaida ba. Shaida ita ce a kira, a ji murya, magana ta ƙare ba ta yanke ba.

Mai babbar waya, wanda yake son WhatsApp ko Facebook, sai ya ƙara duba wani abu. Reso iri-iri ne. Wanda ake kira 2G ya isa kira da rubutaccen saƙo. Hoto da bidiyo kuwa suna bukatar 3G ko 4G. Ana iya samun gari inda kira yake tafiya daidai, amma intanet ba ya motsi.

Abu na biyu: su wa kuke kira?

Sau da yawa, kira tsakanin layi biyu na kamfani ɗaya ya fi araha bisa kira zuwa wani kamfani. Kyautar mintoci da ake bayarwa ma, galibi a cikin layin kamfanin take aiki. Don haka, ku ɗauki takarda ku rubuta sunayen mutum 10 da kuka fi kira, da lambobinsu. Ku duba alƙaluma biyu na farko. Idan 7 daga cikinsu suna kamfani ɗaya, kuma kamfanin yana kamawa a garinku, to kun kusa samun amsa.

Masu ƴan'uwa a waje, kamar Nijeriya, Libiya, Aljeriya, Gana ko Kodibuwa, su tambayi kuɗin kiran ƙasar waje, domin ya sha bamban da na cikin gida, kuma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Lambar Nijar a waje ita ce 227, ta Nijeriya kuwa 234. Idan ɓangarorin biyu suna da babbar waya da reso mai ƙarfi, saƙon murya ta intanet yakan fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Mazauna bakin iyaka, kamar Ƙonni, Ɗan Isa da Magariya, su yi hattara da abu guda. Wani lokaci waya takan kama reson Nijeriya da kanta, alhali mai ita bai ƙetare iyaka ba. Idan haka ta faru, ana iya lissafa masa kuɗi kamar wanda yake ƙasar waje. Kafin ku kira, ku duba sunan kamfanin da yake rubuce a fuskar wayar. Ku sani kuma, layin Airtel na Nijar da na Nijeriya suna ɗaya ne, amma layi biyu ne daban, kowane da farashinsa.

Abu na uku: lissafin kuɗi

Hanya biyu ake biyan kuɗin kira. Ta farko, a sa kati, ana cirewa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka kira. Ta biyu, a sayi abin da ake kira forfe, wato a biya kuɗi a dunƙule, a samu adadin mintoci, ko saƙonni, ko intanet, na wasu kwanaki. Farashi yana canzawa sau da yawa, don haka ba za mu kawo shi nan ba. Abin da ba ya canzawa shi ne hanyar lissafi. Kafin ku biya, ku yi tambayoyi huɗu:

Nawa ne kuɗin? Minti nawa ne a ciki? Kwana nawa yake yi kafin ya mutu? Layin wane kamfani ake iya kira da shi?

Ga misali, da alƙaluman da muka ƙaga domin koyo kawai. Forfe na farko dala 100 ne, wato sefa 500, yana da minti 50, amma kwana 1 yake yi. Na biyu shi ma dala 100 ne, yana da minti 25, yana yin kwana 7. A ido, na farko ya fi: minti ɗaya ya kama dala 2, na biyu kuwa dala 4.

To, a ce mace mai sayar da ƙuli-ƙuli tana magana minti 5 a rana. Idan ta sayi na farko, za ta yi amfani da minti 5, sauran 45 su mutu da dare. Ke nan ta biya dala 20 a kowane minti. Idan ta sayi na biyu, zai kai ta kwana 5, minti ɗaya yana nan a dala 4. Amma dillalin dabbobi, wanda yake wuni yana kira ranar kasuwa, na farko ne ya fi masa. Ashe arahar forfe ba a yawan mintocinsa take ba, tana ga yawan waɗanda za ku ci kafin ya mutu.

Haka lissafin intanet yake. Ana auna shi da mega da jiga. Jiga 1 ya kai kimanin mega 1000. Saƙon murya na minti ɗaya ba ya cin mega guda, amma bidiyo yana cin mega da yawa a cikin minti ɗaya. Wanda saƙon murya kawai yake aikawa ba ya bukatar babban forfe.

Inda kuɗi suke zurarewa

Akwai ƙananan ramuka da suke shanye kuɗi ba a sani ba. Kyautar da take aiki tsakar dare kawai ba ta da amfani ga mai barci da wuri. Waƙar da mai kira yake ji, da saƙonnin wasanni ko na labarai, sau da yawa ana cire kuɗinsu kullum ko kowane mako. Kada ku danna amincewa bisa saƙon da ba ku gane ba. Bashin kati da kamfani yake bayarwa ana biyansa da ƙari. Idan kuma aka bar intanet a buɗe bayan forfe ya ƙare, yana iya cinye kuɗin kira. Ku koyi lambar da ake dannawa a ga sauran kuɗi, ku riƙa dubawa kafin kira da bayansa.

Aika kuɗi da karɓa

Kamfanonin suna da asusun kuɗi a cikin waya, kamar Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash. Akwai kuma gidajen aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, waɗanda ba kamfanonin waya ba ne. Idan kuna jiran aike daga ɗa ko miji, ku duba wane ne yake da wakili kusa da ku, kuma nawa ake cirewa wajen aikawa da wajen karɓa. Asusun da sai an biya kuɗin mota kafin a kai ga wakilinsa ba shi da araha.

Lambar sirri taku ce ku kaɗai. Ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya tambayarta ta waya. Duk wanda ya kira ya ce kun ci kyauta, amma sai kun faɗi lambar sirri ko kun aika kuɗi, ɗan damfara ne.

Rajista da riƙon layi

Doka ta ce a yi wa kowane layi rajista da takardar shaida. Ku sayi layi wurin wakilin kamfani, ku yi rajista da sunanku. Mata ma su yi da sunansu. Idan waya ta ɓace, mai sunan ne kawai ake mayar wa lambarsa da kuɗin da ke cikin asusunsa. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana iya rufe shi, ya ba wani lambar.

Wayoyi da yawa suna ɗaukar layi biyu. Wannan yana taimakon matafiya da masu zuwa gona mai nisa: ɗaya na gida, ɗaya na hanya. Amma layi biyu baki biyu ne da za a ciyar. Idan ɗaya ya isa, a tsaya a kansa.

Karatu yana kare aljihu

Duk abin da muka faɗa yana bukatar karatu da lissafi: karanta saƙon kamfani, gane lamba, raba kuɗi da mintoci. A 2009 da 2010, a jahohin Doso da Damagaram, an gwada wani shiri mai suna ABC, inda aka koya wa ɗaliban yaƙi da jahilci amfani da salula tare da darasinsu. Sakamakonsu a rubutu da lissafi ya fi na azuzuwan da ba a yi haka ba. Wanda ya iya karanta wayarsa ba ya bukatar miƙa ta ga wani, kuma sirrinsa yana hannunsa.

Aiki a cikin aji

1. Kowa ya rubuta lambobin mutum 5 da ya fi kira, ya ware su kamfani-kamfani.

2. A zana taswirar gari a allo, a nuna wuraren da kowane layi yake kamawa da inda yake yankewa.

3. Mutum biyu su je wurin mai sayar da kati, su rubuto farashin forfe uku na wannan mako, da mintocinsu da kwanakinsu. A lissafa tare: nawa minti ɗaya ya kama ga mai magana minti 5 a rana?