Wankin Ciki da Gyaran Tukunya a Ƙasar Rake da Tumatir

Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, waɗanda suke arewacin Jihar Kaduna cikin ƙasar Zazzau, suna daga cikin wuraren da ke ciyar da wasu, domin daga fadamunsu ake lodin rake da tumatir da tattasai da albasa zuwa Zariya da Kano har da kudancin ƙasa, gonakin tudu kuma suna ba da masara da dawa da wake da waken suya. Yawan tumatirin yankin ne ya sa aka kafa masana'antar sarrafa shi a Ikara tun 1981, Maƙarfi kuwa sunanta ya daɗe da haɗuwa da rake da mazarƙwaila. Duk da wannan albarka, cimar gidaje ta sauya cikin 'yan shekarun nan, inda farar shinkafa da taliyar leda da lemon kwalba suka kutsa wurin da tuwon dawa da fura suka saba zama, hawan jini da ciwon sukari kuma, waɗanda a da ake ɗauka cutar attajiran birni ce, suka zama abin da ake ji a kowace unguwa. Maganin da mutane da yawa suka runguma shi ne wankin ciki, alhali wurin da ya fi buƙatar gyara shi ne rumbu da tukunya.

Tunanin cewa datti yana taruwa a ciki har sai an kore shi tsoho ne a ƙasar Hausa. A ranar kasuwa mai magani yakan kafa lasifika a kan mota, ya jera jarkoki da ƙulle-ƙullen gari, ya lissafa basir da shawara da dattin ciki da maiƙo da zaƙi a numfashi ɗaya, sa'an nan ya yi alkawarin cewa kwalba guda za ta fitar da su duka kafin gari ya waye. Da yawan irin waɗannan haɗe-haɗe suna ɗauke da tsirrai masu sa gudawa irin su filasko, wanda aikinsa shi ne tsokanar bangon hanji har ya turo abin da ke cikinsa da gaggawa, sai mai sha ya ga yawan fita bayan gida ya tabbata cewa cutar ce take fita. Abin da wayar hannu ta ƙara shi ne sabon salo daga Turai da Amurka mai suna ditoks, wato mutum ya ƙaurace wa abinci na kwanaki, yana shan ruwan lemon tsami da citta da kokwamba ko wani shayin rage ƙiba kaɗai. Mafi shaharar irinsa wani Ba'amurke ne mai suna Stanley Burroughs, wanda ba likita ba ne, ya yaɗa shi a wani littafi na 1976, inda ya ce a yi kwana goma ana shan ruwan lemon tsami da zaƙin itace da barkono. Yau ga shi ana tallarsa a WhatsApp da TikTok da harshen Hausa, an yi masa ado da zuma da kanumfari.

Jikin ɗan'adam yana da nasa ma'aikatan tsabta waɗanda ba sa hutu. Hanta tana karɓar jinin da ya taso daga hanji, ta sauya sinadarai masu cutarwa zuwa siffar da za ta narke a ruwa, ta tura wasu cikin ruwan matsarmama su bi bayan gida, wasu kuma su koma jini su isa ƙoda. Ƙodoji biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari, huhu kuma yana fitar da gurɓatacciyar iska da kowane numfashi. Idan waɗannan gaɓoɓi suna lafiya ba sa buƙatar a wanke su, idan kuwa sun gaza, abin ya wuce ruwan lemon tsami, sai asibiti, wani lokaci har da na'urar wankin ƙoda. A 2015 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Klein da Kiat, sun bi diddigin abin da aka rubuta a kan waɗannan tsare-tsare na ditoks, suka tarar babu wani ingantaccen gwaji a kan mutane da ya tabbatar da cewa waɗanda ake sayarwa suna fitar da guba. Abin lura ma shi ne masu tallar ba su cika faɗin sunan gubar da suke kora ba.

Raguwar nauyin da ake gani a kwanakin farko gaskiya ce, amma yawancinta ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka cikin wata siffa da ake kira gilaikojin, kowane giram nata kuma yana riƙe da kimanin giram uku na ruwa, saboda haka idan aka daina ci sai ajiyar ta ƙare, ruwan ya tafi, sikeli ya sauka, da an koma tuwo kuma komai ya dawo. Haɗarin yana ga gudawar da ake jawowa da gangan, domin tana zubar da ruwa da gishirin jiki, musamman fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Mai ciwon sukari da ke shan magani ya kuma bar abinci yana iya faɗuwa sumamme, mai juna biyu da aka ɗirka wa maganin zaƙi tana iya galabaita, wanda ƙodarsa ta fara rauni bai sani ba kuwa yana iya ƙarasa ta da jiƙon da ba a san adadin abin da ke cikinsa ba.

Guba ta gaskiya tana nan, sai dai ta ƙofar ajiya take shigowa. Masara da gyaɗar da aka tara ba su gama bushewa ba, ko aka shanya a ƙasa mai laima, suna kama wani fumfuna da ke haifar da sinadarin afalatoksin, wanda dafuwa ba ta kashe shi, yana kuma jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, yana da hannu kuma a tsumburewar yara. Wake ma yana da nasa, domin masu ajiya da yawa suna zuba masa maganin ƙwari mai sinadarin daikulobos, irin wanda ake sayarwa da sunan Sniper, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya a 2015. Wanda ya bi hanyoyin yankin da rani zai ga kauɗa, wato yankakken tumatir, shanye a gefen kwalta ko a kan tsurar ƙasa, ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kansa, awaki suna ratsawa, kuma shi ne zai shiga miya da damina. Babu shayin da ke fitar da waɗannan bayan sun shiga jini. Shanya a kan tamfol ko daɓe mai tsabta, da tsince ƙwayar da ta canza launi a zubar (ba a kai wa kaji ko a sayar wa mai ƙuli-ƙuli da araha ba), da ajiye wake a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, su ne ke hana gubar shiga tun farko.

A tukunya kuwa, abu na farko da ya kamata a duba shi ne mai. A gidaje da yawa ba a yarda miyar dage-dage ta yi ba sai an ga mai ya taso ya kwanta a samanta ja wur, uwargida kuma tana tsiyaya shi ne daga bakin galan ba tare da awo ba, don kada a ce ta yi rowa. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, alhali giram na tuwo ko nama maras kitse bai wuce 4 ba, cokalin cin abinci guda na man gyaɗa kuma ya kai kimanin kalori 120. Tumatir da albasa suna nuna sarai idan aka bar su a wuta ruwansu ya tsotse kafin a sa cokali biyu ko uku na mai, ɗan man nan ma yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin laikofin da ke sa tumatir ja. Ƙosai da awara da dankali ba haramun ba ne, amma man da aka soya, aka ajiye, aka sake soyawa har ya yi baƙi ya yi kauri yana lalacewa ya haifar da sinadarai masu illa ga jijiyoyin jini. Waken da ake soyawa ƙosai shi ne ake turarawa alala, awarar da ake tsomawa a kasko tana shiga miya ko a gasa ta, dambu kuwa tun asali turara shi ake yi.

Gishiri ya fi mai ɓuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, daga dukkan abin da ya ci. Ɗanɗanon dunƙule da ake marmasawa huɗu ko biyar a tukunya guda kusan rabin nauyinsa gishiri ne, sai a ƙara gishirin gari, a kuma barbaɗa yajin da shi ma an daka shi da dunƙule. Daddawar kalwa da busasshen kifi da citta da tafarnuwa da masoro suna ba da ɗanɗanon da zai sa a rage dunƙulen zuwa rabi, harshe kuma yana sabawa cikin 'yan makonni idan aka rage sannu a hankali ba tare da shela ba. Kanwa ma gishiri ce ta wata fuska, domin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, kuma tana lalata wasu bitamin na rukunin B a wake da ganye. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, amma bai mayar da kanwa abin sha da ludayi ba. Waken da aka jiƙa tun dare yana nuna da wuri ba tare da ita ba, ya kuma rage cin itace.

Maganar zaƙi tana da nauyi a ƙasar da rake ke biyan kuɗin makaranta da na aure. Shan rake a sanda, inda haƙori ke aiki ana tofar da ɓawo, yana da iyakar da gajiya ke sawa, amma mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafe har ya daskare, kuma ko da tana da ɗan sinadarin ƙarfe da farin sukari ba shi da shi, ga mai ciwon sukari duk ɗaya ne. Haka zuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sukarin da ake ƙarawa a kimanin giram 50 a rana ga babba, ta ce rabin haka ya fi, kwalbar lemo mai rabin lita kuwa ita kaɗai takan cinye wannan kason, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021. Zoɓo yana da hujja a bayansa, domin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, ya nuna kofi uku a rana na mako shida ya ɗan sauke hawan jini, amma zoɓon ƙullin leda da aka cika da sukari da garin ɗanɗano ya bar wannan amfani a baya, kuma ko maras sukarin ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta.

Abin da ake kira sassauƙan girki a littattafan waje ya daɗe a madafar Bahaushiya. Faten tsaki da yakuwa da alayyafo, kwaɗon zogale ko rama ko tafasa da ƙuli-ƙuli, miyar kuka da kuɓewa da karkashi, taushe da kabewa, ɗanwake, fura da nono, duk suna haɗa hatsi da ganye da abin gina jiki ba tare da kasko ba. Hatsin da ba a yi masa surfe mai tsanani ba yana riƙe da faiba, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, wanda ke sa bayan gida ya yi laushi, ya kuma rage saurin hawan sukari a jini, kuma shi ne maganin taurin cikin da ake sayen filasko dominsa. Ma'aunin da aka ba da na ganye da 'ya'yan itatuwa shi ne giram 400 a rana, abin da gwaba da mangwaro da gwanda da yalo da karas na lokacinsu za su cika da kuɗi kaɗan.

Sai dai rage ci ba na kowa ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, a faɗin ƙasar kuma mata kashi 58 suna da ƙarancin jini, yayin da kashi 28 na mata nauyinsu ya wuce kima. A gida ɗaya ana iya samun maigida mai tumbi da hawan jini da kuma yaron da aka yaye da tsurar koko, saboda haka man da aka rage a kwanon babba ya kamata ya koma kunun yaro tare da garin gyaɗa da waken suya da ƙwai. Masu juna biyu da masu shayarwa da manomin da ke yini a fadama su ma ƙarin abinci mai kyau suke buƙata.

Wanda ke jin kasala ko ciwon kai ko kumburin ƙafa, kafin ya miƙa kuɗinsa ga mai lasifika, ya je asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi ta Kudan a auna masa jini da sukari, domin awon ba ya ɗaukar minti goma, hawan jini kuma yakan yi shekaru a jiki bai nuna wata alama ba.