Maganar da muke tsoron yi da mara lafiya

Wani dattijo maƙwabcinmu a Agege ya shekara fiye da 30 yana sayar da hatsi a Legas. Da ciwon hanta ya ci ƙarfinsa, likita ya kira babban ɗansa gefe ya gaya masa cewa magani ba zai ƙara warkar da shi ba, sai dai a rage masa raɗaɗi. Ɗan ya fito ya ce wa mahaifinsa, "Baba, sun ce da sauƙi." Haka aka yi ta faɗa masa har ya cika bayan makonni shida. Ana cikin zaman makoki masu bin bashi suka fara sallama, kuma babu wanda ya san nawa ake binsa ko nawa yake bin mutane.

Ban ga laifin yaron ba. Haka aka rene mu: ba a yi wa mara lafiya zancen mutuwa, kada a karya masa zuciya. Abin mamaki shi ne mu mutane ne da kullum mutuwa ke bakinmu. Muna cewa "in muna da rai" kafin mu yi alƙawarin gobe, muna raka gawa maƙabarta cikin sa'o'i kaɗan. Amma da ta matso kusa da wani namu, sai kowa ya kama bakinsa, a bar shi shi kaɗai da abin da jikinsa ya riga ya gaya masa. Masu jinya da yawa za su shaida cewa mara lafiya yakan gane. Yakan yi shiru ne don ya ga mu ma shirun muke so.

Me muke hana shi da wannan shirun? Damar neman gafarar wanda ya ɓata wa, da damar faɗin bashi, wanda a shari'a ake biya daga dukiyar mamaci bayan kuɗin jana'iza, kafin wasiyya da rabon gado. Wasiyyar kuma ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku, ba a kuma yi wa magaji. Ga mu mazauna kudu akwai ƙarin tambaya: a ina yake so ya ƙarasa kwanakinsa? Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Wanda aka gaya masa da wuri zai iya tafiya gida yana da sauran ƙarfi, ya ga 'yan uwa. Wanda aka ɓoye masa, sai a wayi gari iyali suna gardamar ɗaukar gawa a mota ko a binne a nan.

Gaya masa ba yanke ƙauna ba ne, kuma ba sai an zuba masa komai a zama ɗaya ba. A fara da tambaya: "Baba, yaya kake jin jikin nan? Me likita ya gaya maka?" Amsarsa za ta nuna iyakar abin da yake son sani. In ya kau da zancen, a ƙyale shi, a sake gwadawa wata rana. Likita ba ya sanin ranar kowa. Abin da ya sani shi ne inda cutar ta kai. Kuma a tambaye shi maganin raɗaɗi, domin akwai sashen kula da masu ciwon da ba ya warkewa a wasu manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Ibadan. Haƙuri ba ya nufin a bar mutum yana murƙususu.

Sai takardu. Sunan da mutum ya rubuta a banki a matsayin makusancinsa ba ya mayar da shi magaji, kuma banki ba zai saki kuɗi ba sai da takardar shaidar mutuwa da izinin kotu. Matar da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma ba ta da halin zirga-zirgar ofisoshi, gara ta san inda komai yake tun mijinta yana iya magana.

Daga baya matar dattijon nan ta gaya wa mai ɗakina cewa ana saura kwana uku ya rasu ya nemi a kawo masa littafin da yake rubuta bashi. Aka ce masa ya bari sai ya warke.