Karon farko: ranar da rabin ƴan wasa ke komawa gida

Kowane mutumin Adar ya san kokowa. A garin Tawa anka yi kokowar ƙasa ta farko a shekara ta 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Yanzu jihohi 8 ke zuwa, kowace da ƴan kokowa 10. Dokar takobi ba ta da sassauci: wanda anka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, komi girman sunansa.

Akwai wani wasa na ƙasashen waje mai irin wannan doka. Sunansa tanis. Masu rediyo su kan ji labarinsa da damina, lokacin da manoman Kalfu ke cikin gonakin hatsi.

Yadda ake wasan

Mutum biyu ke karawa. Filin ya kusa mita 24 a tsawo. An ɗaura raga a tsakiya, tsayinta wajen mita 1. Kowa shina riƙe da abin bugu mai kama da rariya mai mariƙi. Suna buga ma juna ƴar ƙaramar ƙwallo ta bisan raga. Wanda ya kasa maido ta cikin fili ya yi hasarar maki. Ana wasan turmi-turmi, kamar dambe. Namiji sai ya ci turmi 3 cikin 5 a babbar gasa. Mace turmi 2 cikin 3.

Gasar da ta fi daɗewa ita ce ta Wimbuldon, wata unguwa ta birnin Landan, ƙasar Ingila. An fara ta a 1877. Bisa ciyawa ake yin ta. Ana aske ciyawar har ta koma milimita 8, ba ta kai faɗin farce ba.

Lissafin karon farko

Maza 128 ke shiga, mata 128. Wanda anka cinye ya tafi gida. Nan ne bambanci da kokowa, domin ɗan kokowar da ya faɗi shina ci gaba da kare jiharsa.

Ga lissafin. Bayan karon farko, 128 sun koma 64. Bayan na biyu, 32. Sai 16, sai 8, sai 4, sai 2, sai gwani ɗaya. Karo 7 ke nan. Ku duba da kyau: mutum 127 ke faɗuwa cikin gasar duka, amma 64 daga cikinsu a karon farko sunka faɗi. Ke nan fiye da rabi.

Masu shirya gasa suna ware manyan gwanaye 32, su raba su cikin jeri don kada su haɗu da wuri. Saura kuwa ƙuri'a ake yi masu. Saboda haka ƙaramin ɗan wasa shina iya samun kansa gaban babban gwani tun ranar farko.

Manya ma suna faɗuwa

A 1983 wani ɗan Najeriya, haifaffen Legas, mai suna Nduka Odizor, ya gamu da Vilas na ƙasar Ajantina. Vilas shi ne na 4 cikin gwanayen da anka ware, kuma ya riga ya ci manyan gasa 4 na duniya. Ya cinye turmi na ɗaya da na biyu. Saura ɗaya ya gama. Odizor bai karaya ba. Ya ci na uku, ya ci na huɗu, ya ci na biyar. Vilas ya koma gida. Odizor kuwa sai da ya shiga cikin 16 na ƙarshe.

A 1994 Steffi Graf ta Jamus ce ke riƙe da kambin mata. Lori McNeil ta Amurka ta fid da ita a karon farko. A 2003 Hewitt na Ostareliya ya zo kare kambin maza. Wani dogo ɗan Kuroshiya, Karlovic, wanda ya wuce mita 2, ya kore shi ranar buɗe gasa.

Mi ke kawo haka?

Ciyawa tana da santsi. In ƙwallo ta faɗa bisanta ba ta tashi sama sosai, sai ta zame da sauri. Mai ƙarfin bugun farko shina samun maki kafin abokin karawarsa ya motsa. Kuma ƴan wasa sun fi sabawa da filin jar ƙasa da na siminti. Makonni kaɗan ne cikin shekara ake wasa bisa ciyawa. A ranar farko ciyawar ɗanya ce, ƙafa ba ta saba ba.

Wanda ya faɗi ba ya tafiya hannu banza. A 2024 an ba kowane ɗaya fam 60.000 na Ingila, sama da miliyan 40 na sefa. Amma shi ke biyan jirgi, da masauki, da mai horad da shi duk shekara.

Samarin da za su shiga fili bayan kaka su riƙe wannan. Abokin karawar da ba a san sunansa ba, shi ma ya yi shiri. Wanda ke son takobi, sai ya fara tsallake karon farko.