Zaɓen Iyafis da Lafiyar Kunne

A Badarawa, kamar a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, matasa da dama ta iyafis suke sauraron waƙa. To, wanne ya kamata a saya?

Kunnen ɗan'adam yana jin sauti mai girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Kiɗan kwamfuta ya dogara ne ga amo mai kauri, ƙasa da girgiza 250. Wannan sai iyafis mai bakin roba da ke toshe kunne, domin in ya bar kafa, kaurin zai zurare. Waƙoƙin Narambaɗa kuwa, muryarsu tsaka-tsaki ce, iyafis mai yawan kauri zai danne baitocin.

Sai dai akwai haɗari. A can cikin kunne akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, su ke mayar da girgiza saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma ba sa sake tohowa ga mutum, saɓanin tsuntsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada manya su wuce desibel 80 na awa 40 a mako, yara kuwa 75.

Saboda haka, ɗalibi ya zaɓi wanda ke tare hayaniyar kasuwa da babura, don kada ya riƙa ƙure murya. Kunnen da ke ƙugi bayan sauraro, hutu yake nema.