Wadatar zuci: darasin yoga da ba ya fitowa a hoto

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya Mumbai ko Delhi ya ga mutane da sassafe a filayen shaƙatawa suna lanƙwasa jiki a kan tabarma. Yoga ke nan yadda duniya ta san ta, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni a shekarar 2014.

Sai dai a wajen masu ita, wannan lanƙwasa jikin mataki na uku ne. Tsohon littafin nan Yoga Sutra, wanda Patanjali ya tsara da harshen Sanskrit, ya kasa yoga matakai takwas, kuma biyun farko tarbiyya ce zalla. Na farko, yama, shi ne abin da mutum zai kiyaye tsakaninsa da jama'a: kada ya cuci kowa, kada ya yi ƙarya ko sata, ya kame kansa, kada ya tara abin da ba ya buƙata. Na biyu, niyama, halaye biyar ne tsakaninsa da kansa. A cikinsu akwai santosha, wato wadatar zuci.

Ba wai a naɗe hannu ake nufi ba. Halin da ke biye da santosha a jerin shi ne tapas, wato dagewa da jure wahala. Ka fita nema da ƙarfinka, amma kada kwanciyar hankalinka ta rataya a kan cinikin ranar. Kuma malamansu na cewa hali ne da ake koyo kullum, kamar yadda ake motsa jiki.

Tushen yoga yana cikin addinan Indiya, ibadarsu kuwa tasu ce. Amma wannan hali ba baƙo ba ne a wajenmu, malamanmu ƙana'a suke ce masa. Ɗan kasuwa a ƙasar wani ya fi kowa buƙatarsa. Maƙwabci ya buɗe shago na biyu, a gida ana jiran aike, biki ya matso, sai mutum ya ci bashin da zai cinye jarin. Uwargida ma ta ga lefen wance a waya, barci ya gagara.

Kafin ka ƙirga abin da ya wuce ka yau, ƙirga abin da ke hannunka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.